Daga Tawadar Mai Hoto Zuwa Sifilin Kwamfuta: Tarihin Rufe Hoto da Baƙi a Fatakwal

Kafin a gama sauke tirelar albasar da ta taso daga Aliero, hotuna sun riga sun fara kai da komo tsakanin Fatakwal da Arewa. Dillali a kasuwar Fruit Garden da ke D-Line zai ɗauki hoton webil ya tura wa mai kaya. Mai kaya zai turo hoton rasit na banki. Direba zai aika wa ɗan kamasho hoton lasisinsa, shi kuma ɗan kamasho ya jefa shi cikin zauren WhatsApp da ke cike da mutanen da bai taɓa haɗa ido da rabinsu ba. Wanda ya san ciwon kansa, kafin ya tura, yakan sa yatsa ya ja baƙin layi a kan lambar asusu, ko a kan ragowar kuɗin da ke ciki.

Wannan baƙin layi yana da tarihin da ya girmi garin Fatakwal. Ya faro daga reza da tawada a hannun masu hoto, ya ratsa ɗakunan buga jaridu da ofisoshin masu tace labarai, yau ya koma lissafin da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido. A tsawon wannan tafiya abu guda bai canza ba: akwai baƙin da ke shafe abin da ke ƙarƙashinsa har abada, akwai kuma wanda lulluɓi kawai yake yi, kowa na iya yayewa. Bahaushen da ke neman abinci a Kurmi, wanda rabin harkarsa ta koma cikin waya, yana da buƙatar ya san bambancin nan.

Masu hoto sun riga garin zuwa

A shekarar 1897, lokacin da Turawan Ingila suka kama Oba Ovonramwen na Benin suka nufi Kalaba da shi, wanda ya ɗauki hotonsa a cikin jirgin ruwan Ivy ba Bature ba ne. Jonathan Adagogo Green ne, ɗan garin Bonny da ke cikin jihar Ribas ta yau, wanda aka haifa a 1873 ya kuma rasu a 1905. Masana na lissafa shi a sahun farko na 'yan Najeriya da suka riƙi ɗaukar hoto a matsayin sana'a. Ya rasu bai ga Fatakwal ba, domin sai a 1912 aka fara saran garin, aka raɗa masa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, a 1913.

Kwal ne ya haifi garin. An gano shi a tsaunukan Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo daga bakin ruwa zuwa Inugu, aikin ya kammala a 1916. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, jirgin ƙasa ya riƙa saukowa da shanu da goro da fatake ba tare da tsayawa jiran fito ba. Amma Hausawa sun riga dogo isowa yankin. Maharban giwa sun sauka a Elele, a ƙasar Ikwerre, tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma zuriyarsu na nan har gobe. A Anaca ta kogin Kwara suka sauko. A Inugu zaman ya yi nisa har wani falken shanu, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin birnin na farko.

Yawancin waɗannan baƙi ba sha'awa ce ta fara kai su gaban mai hoto ba, larura ce. Lasisin tuƙi na buƙatar hoto, fasfon aikin hajji na buƙatar hoto, haka katin ƙungiya. Mai hoton akwati yakan kafa kayansa a bakin tasha ko kusa da gidan waya. Ya rataye ƙyalle a bango, ya zaunar da mutum a kan benci, ya ce kada ya motsa, ya cire murfin gilashi ya mayar. Sannan ya zura hannu cikin akwatin ta wani hannun riga, ya wanke hoton a ciki da lalube, ya miƙo shi da sauran danshinsa.

Yadda ake baƙanta hoto da hannu

A zamanin Green, a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, daga baya fim ya zo. Abin da ke fitowa da farko shi ne nagetif, inda komai ke juyawa: farar riga ta fito baƙa, baƙar fuska ta fito fara. Daga nagetif ɗin ake haska takarda a samu hoton da mai shi zai tafi da shi gida. Saboda wannan juyi, mai hoton da ke son wani wuri ya fito baƙi ƙirin sai ya sa reza ya kankare sinadarin da ke wurin, haske ya wuce kai tsaye ya ƙone takardar. In kuwa fari yake so, sai ya shafa jan fenti mai kauri ya tare hasken. Akwai dabara ta uku a ɗakin wankin hoto: a huda kwali, a riƙe shi tsakanin fitila da takarda, a bar hasken ya daɗe yana sauka a wuri ɗaya har ya yi duhu.

Da waɗannan dabaru ake cire wanda ya leƙo ta gefe a hoton ango, ake ware fuskar mamaci daga hoton taro don a faɗaɗa ta, ake ɓatar da kwatar da ta fito a bayan mai gida. Aiki ne na haƙuri da tsayayyen hannu. Kuma abin da reza ta kankare ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi.

Gidajen jarida sun ɗauki hanya mafi sauƙi. Ana yanko siririyar baƙar takarda a manna a kan idanun wanda ba a son a gane, ko a ja tawada da buroshi, kafin a kai hoton wurin yin farantin bugu. Yankin da muke magana a kai ya san injin buga jarida da wuri: Nnamdi Azikiwe ya kafa Eastern Nigeria Guardian a Fatakwal a 1940, da Nigerian Spokesman a Anaca a 1943, jim kaɗan bayan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Tun wancan zamani, duk editan da hoton yaro ko na majinyaci ko na wanda ake tuhuma ya faɗo kan teburinsa sai ya yanke shawarar abin da zai nuna da abin da zai rufe.

Baƙin tawada bai taɓa zama na alheri kaɗai ba. A Tarayyar Sobiyat, lokacin da Stalin ke halaka manyan jam'iyyarsa, mai zane Alexander Rodchenko ya ɗauki kwafinsa na wani kundin hotuna da shi da kansa ya tsara a 1934 kan ƙasar Uzbekistan, ya bi fuskokin waɗanda aka kama ɗaya bayan ɗaya yana dulmiyar da su da tawada, don ajiye hoton maƙiyin gwamnati laifi ne. A Afirka ta Kudu, a watan Yunin 1986, jaridar Weekly Mail ta fito da shafin farko cike da baƙaƙen layuka, domin mai karatu ya gani da idonsa yawan abin da dokar ta-ɓaci ta hana a faɗa. Tsofaffin alhazai ma za su tuna mujallun ƙasashen waje da ake sayarwa a Jidda, waɗanda ma'aikatan tacewa suka bi da baƙar maka suka suturta hannuwa da ƙafafuwan mata. Wani ya rufe don tsoro, wani don zanga-zanga, wani don kunya, amma kayan aikin iri ɗaya ne.

Da hoto ya koma lambobi

A 1957, a wata cibiyar gwamnati da ke Amurka, Russell Kirsch ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin kwamfutar SEAC. Injin ya raba hoton zuwa layi 176 a tsaye da 176 a kwance, ɗigo 30,976 ke nan. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Ɗigo 10,000 kacal take kamawa, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Manhajar Photoshop ta fito a 1990. A Najeriya, wayar salula ta GSM ta iso a watan Agustan 2001, kuma cikin 'yan shekaru kasuwannin waya suka tsiro: Garrison da Ogbunabali a Fatakwal, Emeka Offor Plaza a babbar kasuwar Anaca, Farm Centre a Kano. Mai hoton akwati ya naɗe ƙyallensa, ɗakunan wankin hoto suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

A wurin kwamfuta, hoto kamar gurbin dara yake: ramuka a jere, layi bayan layi, kowane rami da abin da aka zuba masa. Ramin shi ne ɗigo, wanda masu sana'ar ke kira fiksel. Wayar da ke ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12 tana jera 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. In duka ukun suka kai 255, fari fat ne. In ja ya cika sauran biyun suka zama babu, ja wur ne. In duka ukun suka koma sifili, baƙi ne ƙirin.

Ke nan baƙanta wani yanki na hoto ba fenti ba ne. Goge lambobi ne, a rubuta sifili a madadinsu.

Ga yadda abin yake a hannun matashin da ke zaune a shagon kwamfuta. Ya buɗe hoton katin shaida da yaren kwamfuta na Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, tare da ɗakin karatun lissafi na NumPy. Kwamfuta na fara ƙidaya daga kusurwar sama ta hagu. Ya duba ya ga lambar da ake son ɓoyewa tana tsakanin layi na 200 da na 260 daga sama, tsakanin ɗigo na 100 da na 400 daga hagu. Sai ya rubuta:

hoto[200:260, 100:400] = 0

Umarnin ya ƙare. Layi 60 sau ɗigo 300, wato ɗigo 18,000, kowanne da lambobinsa uku, lamba 54,000 sun koma sifili. In ya adana wannan a sabon fayil, ba wata dabara a duniya da za ta fito da lambar katin daga cikinsa, don ba ta nan. Aikin reza ne ya dawo ta wata hanya.

Inda shirin kwamfuta ya fi yatsa shi ne yawa. Sakataren ƙungiyar dillalai da ke riƙe da hotunan katunan mambobi dubu ba zai iya bin su ɗaya-ɗaya ba tare da ya tsallake wani ba. Amma in katunan fasali ɗaya ne, umarnin nan na sama zai zagaye su duka kafin shayi ya huce. In wurin da za a rufe ba mai kusurwa huɗu ba ne, sai a zana wani hoto na biyu mai faɗi ɗaya da na farko, wanda kowane ɗigonsa e ne ko a'a, a ce wa kwamfuta duk inda ta ga e ta zuba sifili. Ana kuma iya ba ta sharaɗi da launi, misali duk ɗigon da jansa ya rinjayi sauran a baƙanta shi, wanda ke taimakawa wurin rufe jini. Tun da Paul Viola da Michael Jones suka fito da hanyar gano fuska cikin sauri a 2001, aka kuma sa ta cikin OpenCV, tarin kayan aikin da kamfanin Intel ya fara saki kyauta a 2000, kwamfuta na iya nemo fuskokin da kanta ta rufe. Da irin wannan ne Google ya fara dusashe fuskokin masu wucewa a hotunan tituna a 2008. Masu binciken lafiya ma da shirin kwamfuta suke share sunan majinyaci da ke bugawa a saman hoton sikanin kafin su raba wa ɗalibai.

Baƙin da ya ci amanar masu shi

Manyan hukumomin duniya sun sha kunya a kan wannan aiki, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun lulluɓe, ba su goge ba.

A watan Yunin 2000 jaridar New York Times ta saka rahoton sirri na hukumar CIA kan juyin mulkin Iran na 1953 a intanet, bayan ta ɗora baƙaƙen akwatuna a kan sunayen Iraniyawan da aka haɗa baki da su. John Young, mai shafin Cryptome, ya buɗe takardar a kwamfuta mai nawa, sai ya ga sunayen sun fara bayyana kafin akwatunan su sauko su rufe su. A 2005 rundunar sojan Amurka ta fitar da rahoto kan harbe jami'in leƙen asirin Italiya Nicola Calipari a hanyar filin jirgin saman Bagadaza. Mutane suka kwafi rubutun suka liƙa a wata manhaja, duk abin da aka rufe ya fito, har da sunayen sojoji. A watan Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, suka maimaita kuskuren a takardar da suka miƙa wa kotu. A duka ukun, rubutun na nan daram a cikin fayil, baƙin akwatin wani abu ne daban da aka ɗora a sama.

Wayar hannu na da irin nata tarkon. Alƙalamin da ake haskaka rubutu da shi an yi shi ne don a riƙa hango abin da ke ƙasa, ko da an zaɓi baƙin launi. A ce ya rufe kashi 90 cikin 100. Farar takarda mai lamba 255 za ta koma wajen 25, baƙin rubutu kuma ya tsaya a sifili. Ido zai ga duhu ɗaya, amma kwamfuta na ganin 25 da 0. Duk wanda ya ƙara hasken hoton zai karanta lambar asusun tsaf. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a zaurukan 'yan kasuwa.

Dusashewa da murɗewa ma ba su da tabbas. A 2007 ƙwararrun 'yan sandan Jamus sun warware murɗin da wani ɗan Kanada mai lalata da yara ya yi wa fuskarsa a hotuna, hukumar Interpol ta yaɗa fuskar, aka kama shi a Tailan. A 2022 wani mai binciken tsaro, Dan Petro, ya saki manhajar Unredacter da ke karanta rubutun da aka farfasa zuwa ƙananan murabba'ai. Tana cankar haruffa, ta farfasa su yadda aka yi wa na asali, ta gwada har su dace. A watan Maris na 2023 kuma Simon Aarons da David Buchanan suka bayyana cewa manhajar gyaran hoto ta wayoyin Google Pixel na barin guntun tsohon hoton a wutsiyar sabon fayil, ana iya dawo da abin da aka yanke ko aka rufe. An samu irin wannan aibin a wata manhajar Windows.

Akwai kuma abin da hoto ke ɗauke da shi wanda ido ba ya gani: ranar ɗauka, samfurin waya, wani lokaci har ainihin wurin da mutum ya tsaya. Da haka aka gane cewa attajirin manhaja John McAfee na Gwatamala a ƙarshen 2012, daga hoton da 'yan jaridar da ke tare da shi suka wallafa. WhatsApp na cire wannan bayani in an tura hoto a matsayin hoto, amma yana barin sa in an tura shi a matsayin takarda.

Hatta baƙi na gaskiya, in ya yi kaɗan, ba ya amfani. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya daɗe da bayyana cewa siririn layi a kan idanu bai isa ya ɓoye majinyaci ba. A wurin Hausawa abin ya fi haka sauƙi. Tsagen Gobir ko na Kabi, tabon salla, karin hula, kofar shagon da ke baya, kowanne ya isa ɗan unguwa ya ce wane ne.

Abin da ya kawo maganar ƙofar gida

Abubuwa uku suka mayar da wannan ilimi larura ga mazauna Kurmi. Na farko lambobi. An ƙaddamar da lambar banki ta BVN a watan Fabrairun 2014, sannan a Disambar 2020 ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Masu tura baro da masu tsire da 'yan gwari da masu gadi suka yi dafifi a shagunan kwamfuta, suka bar hotunan takardunsu a kwamfutocin da ba su san wa zai zauna a kansu gobe ba. Na biyu ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. Cinikin shanu a Lokpanta da na kayan gwari a Mile 1 da Ogbete ya koma tiransifa, hoton rasit ya zama shaidar biya. A kan rasit ɗin akwai cikakken suna, da lambar asusu, wani sa'in da ragowar kuɗi, kuma 'yan damfara da masu garkuwa da mutane ba abin da suke nema da ya wuce wannan. Manhajojin ba da rance ma sun nuna illar hoto a hannun marar tausayi, inda suka riƙa aika hotunan masu bashi ga duk lambobin da ke wayarsu, har hukumar kare masu sayayya ta ƙasa ta kai samame wasu ofisoshinsu a Legas a watan Maris na 2022.

Na uku shi ne mafi ciwo, wato hotunan gawa.

Ranar 5 ga Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, bidiyon ya zagaye duniya, iyayensu suka ga ƙarshen 'ya'yansu a wayoyin mutane. A watan Mayun 2022 aka harbe wata mata mai juna biyu 'yar asalin Adamawa da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra, hotunansu kwance a titi suka cika shafuka ba ko mayafi. A ƙarshen Maris na 2025, maharba 16 da suka taso daga jihar Ribas za su je Kano yin Sallah suka gamu da ajalinsu a hannun gungun mutane a Uromi ta jihar Edo, aka yi ta tura bidiyon cikin watan azumi. Duk lokacin da irin wannan hoto ya fita, mai shago a Oyigbo da ɗan tireda a Sabon Garin Kano ne ke kwana da fargaba, domin su ne na kusa da hannun mai neman ramuwa. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya nuna yadda hotunan da aka yaɗa a Facebook suka rura wutar, alhali wani daga ciki ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba.

Wannan ba kira ba ne a ɓoye zalunci. Bidiyon Aluu ya taimaka wurin gano waɗanda ake zargi, kuma a watan Yulin 2017 wata babbar kotu a Fatakwal ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, ciki har da sajan na 'yan sanda. Da an baƙanta fuskokin maharan a kwafin asali, da shaida ta lalace. Ƙa'idar da masu kare haƙƙin ɗan'adam ke bi ita ce kwafi biyu: na asali a ajiye shi yadda yake, a miƙa wa lauya da hukuma, wanda za a nuna wa jama'a kuma a rufe fuskar mamaci, da tsiraicinsa, da fuskokin yara da na shaidu.

Doka ta fara biyo baya. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana wallafa abin da zai sa a gane yaron da ke gaban shari'a. Jihar Legas ta haramta baje kolin waɗanda ake tuhuma a gaban 'yan jarida a 2021. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. Amma Bahaushe bai jira doka ba kafin ya san darajar rufin asiri. Ana lulluɓe gawa kafin a fito da ita, ana lulluɓe amarya, malamai na yawan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kan ladan wanda ya suturta ɗan'uwansa. Matan da ke ɗora fure a kan fuskar jariri kafin su saka hoton suna, don gudun kambun baka, sun riga sun kama hanyar. Abin da ya rage shi ne a yi aikin daidai.

Yin sa daidai ba ya buƙatar digiri. Mai waya ya zaɓi akwati mai cikakken launi, ba alƙalamin haskaka rubutu ba. Ya rufe fiye da yadda yake ganin ya isa. Ya ɗauki hoton fuskar wayar bayan ya gama, ya ƙure hasken wannan sabon hoton ya duba ko wani abu na leƙowa, sannan ya tura shi, ba na farkon ba. Takardar PDF a mayar da ita hoto kafin a rufe. Mai hotuna da yawa kuwa ya nemi wanda ya iya rubuta umarni, ya tabbata sifili aka zuba kuma sabon fayil aka adana.

Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, da shugabannin ƙungiyoyin dillalan shanu da na kayan abinci, su ne ke riƙe da rajistar dubban mutane, kuma su ake fara turo wa hoto in wani abu ya faru a hanya. Ya kamata kowace ƙungiya ta samu matashi ɗaya da ya iya wannan aiki, ta kuma kafa doka a zaurenta cewa ba a saka katin shaida ko rasit ko gawa sai an rufe. Limaman masallatan Juma'a na unguwannin nan su ware huɗuba guda a kan haƙƙin mamaci da ke cikin waya. Kai kuma mai karatu, kafin ka danna tura, duba hoton da kyau ka rufe abin da ba za ka so a gani ba da a ce naka ne.